Wasan da Na Tsaya Wa

Ga waɗanda suke zaure ran nan. Akwai ƙanen mijina, Alhaji, wanda gidan ya koma hannunsa tun da yayansa ya rasu. Akwai wani manomin albasa na Madekali, dattijo mai guntun gemu, da muka tsufa muna ciniki muna faɗa. Akwai wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, da yakan zo wasan tele in ya tashi aiki, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Akwai surukata, wadda take rubuta wannan da nake faɗa, tunda ni ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba. Akwai ni. Sai mijin surukar tawa, mai zauren. Samarin unguwa sun toshe ƙofa da taga, amma ba na lissafa su, don ba wanda ya gayyace su.

Mijin surukata ɗana ne na fari. Na faɗa sau ɗaya, ba zan ƙara ba. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Ana yaye shi gwaggonsa ta goya shi ta tafi da shi Gene, a can ya girma. In ina da magana da shi, sai in yi da bango, ko in ce wa matarsa, "A gaya wa wancan." Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi. 'Yan yanzu suna cewa wannan tsohon yayi ne. Su ta shafa.

Sana'ata albasa. Tun ina goyon fari nake zama a kasuwar Malanbil, a layin da manoma ke sauke buhuna, kuma duk wanda ya san layin ya san hannuna. Manomi yakan jera manya masu sheƙi a bakin buhu, ba don mugunta ba, haka aka saba. Ni kuwa sai in naɗe hannun riga, in tura hannu har kafaɗa, in lalubo ta ƙasa. In na ji taushi ko danshi, an gama magana. In kuwa na fito da hannu na ce, "Na tsaya mishi," to 'yan kasuwar kudu ɗorawa kawai suke yi a kamiyo, babbar motar kaya, ba sa kwance ɗinki. Amma tsayawar tana da sharaɗi, kowa ya san shi. In kayan da kika tsaya wa suka ɓaci, ke za ki zauna da su. Ki baje su a inuwa, ki tsince, ki kori ƙuda, ba ki tashi sai an ga ƙarshensu. A duk zamana a kasuwa hakan bai cika samuna ba, kuma ina tuna wa mutane, ko ba su tambaya ba.

Akwai magana ɗaya da ba na son ji a bakin manomi. Za ku yi ciniki kan buhuna, ya kawo rabi, ya miƙa hannu ya ce, "Inna, saura na hanya." Wannan dattijon na Madekali ya fi kowa faɗinta. Ni kuma amsata ba ta canzawa: "To kuɗinka ma na hanya." Na taɓa barinsa tsaye a rana har azahar a kan haka, ban ji komai a raina ba.

Wancan bai gaji albasa ba. Ya tafi Kwatano ya yi shekaru yana kabu-kabu, wanda su a can suke kira zemijan, sanye da rigar nan rawaya mai lamba a baya. Wata rana mota ta kwashe shi. Aka dawo da shi da ƙarfe a ƙafa. Ban je bakin gadonsa na yi kuka ba, mutane suna kallo. Na dai dafa romon kifi kullum na ce wa matarsa ya yi mini yawa, ta zubar in ta ga dama. Da ya fara takawa da sanda, ya roƙi Alhaji zauren gida, ya sa tele biyu da injinan wasa da benci, samari suna zuwa suna biya suna wasa.

Ni na fi kowa zagin abin. Na ce ƙattai da gemu suna zaune suna latsa roba kamar masu matsar ƙurji. Na ɗauko kujerata da tiren albasa na zauna a lungun da ke tsakanin zaure da tsakar gida, na ce gadi nake yi, kada a saci takalmi, kada a sha taba, kada a wuce salla. Kuma na yi gadin. In ladan ya buɗe baki, ni ma na buɗe nawa, zaure ya watse. Sai dai daga lungun ana ganin tele sarai. Ban san ranar da abin ya shige ni ba. Na dai wayi gari na san wane yaro ne ba ya iya tsaron gida a wasan ƙwallo, na san kwanar da motar tsere take kifewa in ba a sassauta ba. Wata rana wani ya nufi wata ƙofa da na san akwai maƙiyi a bayanta, sai na ji an daka tsawa, "Kai, ta hagu!" Duk zaure aka waiwayo. Na duba tire na ce da kaza nake.

Da aka kwana biyu kasuwar zauren ta ja baya. Wani ya buɗe irinsa kusa da tasha, da sababbin wasanni da fanka, samari suka koma can. Wancan yakan wuni da mutum biyu ko uku, wani lokaci shi kaɗai, yana goge abin riƙewar nan da suke kira manet. Lokacin ɗibar albasa kuma ya zo, Alhaji ya sayi mai yawa, yana neman inda zai ajiye ta har ta yi daraja. Alhaji ba mugu ba ne. Ya duba zaure, ya duba ciniki, ya ce yana da aboki a Kwatano da zai ba wancan babur ya koma sana'ar da ya sani. Wancan ya ce to. Me zai ce wa ƙanen ubansa? Ni kuwa na san yadda ƙafar nan take kumbura in ya yi tsayuwar sallar Juma'a kawai. Na san kuma motocin Kwatano ba su ragu ba.

A cikin kwanakin ne na ga tallan. Wancan ya kunna wa ma'aikacin duwan a tele, yana gaya masa cewa wannan sabon wasa ne da duniya take jira, wani babban kamfani na ƙasar anasara ya tara ma'aikata kamar gari guda sun yi shekaru a kansa, kuɗin da aka zuba ya isa a gina wata gada zuwa Gaya. Ya ce ya riga ya biya tun ba a fito da shi ba, don ya riga na tasha samu. Na ji wannan da kunnena. Ni da ba na ba da ko dala sai na ga ƙasan buhu, na ji an biya kuɗin abin da ba a gama ba, na bari ya wuce, saboda idona yana kan tele.

Gulbi ne aka nuna, faffaɗa kamar namu in ya cika. Hantsi yana wasa a kan ruwa daidai yadda yake yi in kana kan gada. Wani mutum yana tuƙa kwalekwale, kana ganin jijiyar hannunsa. Ya sauka ya hau doki, ya shiga wata kasuwa. A kasuwar akwai wata mace zaune gaban kwando, ta ɗauki albasa ɗaya ta juya ta a tafin hannu, ta danna wuyanta da babban yatsa. Wallahi yadda ake yi ke nan. Na ce a raina, duk wanda ya san a danna wuyan albasa ba ƙaramin mutum ba ne. Na sa matarsa ta gaya wa wancan a sake kunnawa, wai ban ga kalar zanen matar da kyau ba. Aka sake. Aka kuma sakewa.

Da yamma na tarar da Alhaji a gindin darbejiya yana shan shayi. Tsakanina da shi akwai wasa, kamar kowace mace da ƙanen mijinta, ko da gemunsa ya yi fari.

"Matar yaya, lafiya kika tsaya mini a kai kamar jandarma?"

"Zauren ga," na ce. "Ka dakata da albasarka."

"Don mi?"

Amsar tana bakina, gajeruwa ce, kowace uwa a unguwar nan za ta iya faɗinta in ɗan nata na biyu ne ko auta. Ni sai na ce, "Akwai kaya da ke tahowa. Wasa sabo. In ya iso, na tasha rufewa zai yi."

Ya ajiye kofi. "Ke? Ke da kika ce matsar ƙurji ce?"

"Na ga kayan."

"Kin sa hannu?"

"Na tsaya mishi," na ce.

Alhaji ya daɗe yana kallona. Ya san nauyin maganar a bakina, ya ci riba da ita ba sau ɗaya ba. Ya ce, "To, tunda kin tsaya, ba ni buɗe buhu. Ran da ya iso ki kira ni in gani da idona. In kaya ne, zaure nashi ne. In ba kaya ba ne, albasa ta shiga, kuma ba ni son jin wata magana."

Na ce na yarda. Na koma ciki ina jin kaina kamar wadda ta ci ciniki. Ban tsaya na tambayi kaina abin da nake tambayar kowane manomi ba, wato wa ya jera abin da na gani, kuma don wa ya jera shi.

Wasan ba a faifai ya zo ba, ta iska ake jawo shi, rezon unguwarmu kuwa, wato layin intanet, sai ya ga dama. Wancan ya ɗaura injin a bayan kabu-kabu ya kai gidan ma'aikacin duwan, inda rezo ya fi ƙarfi, aka bar shi can yana sha a hankali kamar mai jinya. Ran da aka ce ya cika, aka dawo da shi nannaɗe da bargo. Ma'aikacin duwan ya ce a gwada tukuna kafin a tara mutane. Ni na hana. Na ce a gaya wa wancan kayan da na tsaya wa ba a leƙa su a ɓoye.

Na sa surukata ta share zaure ta yayyafa ruwa. Na sa ta dama fura, ta kaɗa zoɓo. Na kunna turaren wuta da kaina. Na ɗauko zanen da nake zuwa suna da shi. Bayan la'asar Alhaji ya shigo, da manomin Madekali a bayansa, don ran nan ya kawo masa sauran albasa, ya ji ana zancen kallo ya ce ba a bar shi a baya ba.

"Matar yaya, wa za a ɗaura wa aure? Na ga kin sha ado."

"Zanen aiki ne."

"Aiki da turare?"

"Zauna ka yi shiru, Alhaji, ba a kasuwa kake ba."

A karon farko na fito da kujerata daga lungu na ajiye ta a tsakiyar zaure, gaban tele. Wancan ya zauna a benci, ya miƙe ƙafar mai ƙarfe, ya yi bisimilla ya kunna.

Wani zobe ya fito yana juyawa. Ya yi ta juyawa har fura ta zagaya kowa. Manomin ya tambaya ko wasan ke nan, na ce masa abin kirki ba ya gaggawa. Can sai ga gulbi. Bai kai na talla sheƙi ba, ruwan kamar an dama shi da toka, amma gulbi ne, ga kwalekwale, ga mutumin ya ba mu baya yana tuƙi. Samarin ƙofa suka yi kuwwa. Na dubi Alhaji ta gefen ido.

Sai mutumin ya juyo.

Ba shi da fuska. Idanu biyu ne ƙwala-ƙwala a rataye a iska, da haƙora a ƙarƙashinsu, da gashi a sama. Tsakaninsu kana hango itatuwan bakin gulbi. Surukata ta ce a'uzu billahi ta ja mayafi ta rufe ido.

"Wanga ne jarumin?" in ji Alhaji. "Ina hancinshi?"

"Mutanen ƙasarsu ba su cika hanci ba," na ce.

"Anasara? Ke da bakinki kika ce mini hancinsu na riga su shiga ɗaki."

Wancan ya latsa manet, mutumin ya ci gaba da tuƙi. Suna dosar wata gada sai kwalekwalen ya ɗaga hanci, ya bar ruwa, ya tashi sama a hankali da mutumin a ciki yana ta tuƙa iska. Ya haye gadar ta sama, ya wuce kan itatuwa. Ma'aikacin duwan ya dafe hularsa.

"In 'yan fasa-ƙwauri sunka samu irin wanga jirgi," ya ce, "mu sai mu koma gida mu yi noma."

Aka kashe aka sake kunnawa. Zobe ya sake juyawa. Wannan karon fuska ta zo, amma ba wuya, kan yana bin gangar jiki daga baya kamar ɗan akuya. Ya hau doki. Dokin ya yi taku kaɗan ya fara nutsewa cikin ƙasa, ƙafafu, ciki, har wuya, yana ci gaba da tafiya a haka, kunnuwa kawai da mahayi a waje.

Manomin ya matso da gaske, da tausayi a fuskarsa. "Fadama ce, Inna. A gaya mishi ya sauka ya ja shi, in ba haka ba ya rasa dabba."

"Ba fadama ba ce, Baba," in ji wancan, murya ƙasa-ƙasa. "Titi ne."

Ni duk ina jiran kasuwa. Na ce a raina in aka kai ga matar nan mai albasa, Alhaji zai gane, shi ma ɗan sana'a ne. Da ƙyar aka ja dokin ta ƙarƙashin ƙasa har ƙofar kasuwar. Ga rumfuna, ga kwanduna. Ga mutanen kasuwa kuma, dukansu tsaye ƙiƙam, ƙafafu a haɗe, hannaye a buɗe dama da hagu, kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gonar shinkafa. Ba mai motsi. Na gano matata da kalar zanenta. Tana tsaye a tsakiyar kwandonta, kwandon ya shiga cikin ƙafafunta, albasar kuma tana shawagi a saman kanta, tana juyawa ita kaɗai.

"Mi suke yi haka?" Alhaji ya tambaya, kafaɗunsa sun fara rawa.

"Addu'a," na ce.

Daga nan tele ta tsaya cik, da wani ƙara kamar na injin niƙa da ya ci dutse. Ba ta ƙara motsi ba.

Samarin ƙofa suna ta dariya, wasu sun fara zamewa, na san tasha suka nufa. Wancan ya ciro salula yana dubawa, gumi yana bin ƙeyarsa. Ma'aikacin duwan ya leƙa ya karanta, sannan ya yi mana bayani. Ya ce ba injin ba ne, ba kuma rezo ba, ko'ina a duniya haka wasan ya fito, ana ta zagin masu shi. Ya ce sun riga sun sa rana, sun karɓi kuɗin mutane, aiki bai ƙare ba, suka fito da shi a haka. Ya ce manyan kamfanonin sun saba, abin da ake nunawa a talla daban ake zama a gyara shi. Yanzu sun ba da haƙuri, sun ce gyara yana tafe.

Abin da ake nunawa daban ake gyara shi. Ban buƙaci a fassara mini ba. Na dubi hannuna na dama, wanda ya shiga buhunan da ba su ƙirguwa har kafaɗa, yana kwance a cinyata a kan zanen suna, da ƙanshin turare.

Alhaji ya share hawayen dariya da bakin rawani. "To, matar yaya. Kin tsaya mishi, ni kuma ban buɗe buhu ba. Ga shi an zazzage gaban kowa. Mi kika ce?"

Na gyara zama, na ɗaga kai yadda nake yi a kasuwa, na buɗe baki ban san abin da zai fito ba.

"Ai ba duka ke nan ba," na ce. "Saura na hanya."

Manomin Madekali ne ya fara. Wani sauti ya fito masa ta hanci, ya toshe baki da hula, abin ya fi ƙarfinsa. Ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, yana buga cinya. Ya ɗaga hannaye sama ya ce, "Alhamdu lillahi da Allah ya bar ni da rai har na ji wagga rana! Inna, ƙara faɗi, kunnena na hagu bai ji ba!"

"Tashi, tsohon banza, ka zubar da fura."

"Alhaji, ka ba ta amsarta! Ka ce zaure ma na hanya!"

Har surukata, wannan da take rubutu yanzu tana sunkuyar da kai, sai da ta fita tsakar gida da gudu, na ji ta tana shaƙewa a bayan randa.

Da dariya ta lafa, Alhaji ya matso da kujerarsa, ya rage murya, amma ba yadda wancan ba zai ji ba. "Tsakaninki da Allah, matar yaya. Wasan kike karewa, ko mai wasan? Ki faɗa mini da bakinki, in ji."

Na san Alhaji. Da na faɗa, da ya bar zauren a take, ya nemi wani wuri. Ƙofa ya buɗe mini. Wancan yana zaune ya ba mu baya, manet a hannu, bai juyo ba, amma na ga wuyansa ya sandare. Ga baƙo daga Madekali, ga ma'aikacin gwamnati, ga 'ya'yan mutane a taga.

"Ina ruwana da mai wasa?" na ce. "Ni kaya na tsaya wa."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya ya miƙe. "To kaya sun ruɓe. Gobe da hantsi albasa ta shiga."

Kafin magariba na fito alwala sai na ga rigar a kan igiya. Rawaya, da lamba a baya, tana ɗigar ruwa. Tun da aka dawo da shi tana ƙasan akwati. Na tambayi surukata wa ya sa ta wanke. Ta ce shi. Idonta ya yi ja, kuma wannan karon ba dariya ba ce. Na ce ta matse ta da kyau, tana jiƙa mini hanya. Abin da na iya faɗa ke nan. Ranar ko tuwo ban ci ba, na ce zoɓo ne ya cika mini ciki.

Da na idar da sallar asuba ban koma shimfiɗa ba. Na tashi surukata muka shiga ɗakina, ɗakin da aka kawo ni ina amarya, mai taga biyu da ke kallon juna. Muka kwance gadon ƙarfe muka fitar. Muka fitar da akwatuna, da kwanonin jere da ban taɓa cin abinci a cikinsu ba, da buzun sallar mijina. Muka jera komai a ƙarƙashin rumfar da ke gefen madafa. Na share ɗakin, na shimfiɗa kara a ƙasa yadda iska za ta riƙa bi ta ƙarƙashin buhu. Sannan na ɗauki kujerata na kai bakin zaure, ta waje, na zauna a tsakiyar ƙofa.

Da hantsi sai ga Alhaji da amalanke cike da buhuna, manomin yana biye, don a gidan ya kwana.

"Matar yaya, ba ni hanya."

"Ka san ƙa'ida, Alhaji. Wadda ta tsaya wa kaya sunka ɓaci, ita ke zama da su. Ba ni tashi sai na ga ƙarshensu."

"Yaushe ne ƙarshen?"

"Sun ce gyara na nan tafe ba da jimawa ba."

"Haka ni ma nake cewa," in ji manomin, yana kallon sama.

"Albasata fa? A kaina zan ɗora ta?"

Na nuna masa ƙofar gida da haɓa. Ya shiga, ya daɗe, ya fito. Ya ga ɗakin, ya ga karan da na shimfiɗa, ya ga gadona a rumfa da kaji suna kewaya shi. Bai yi dariya ba.

"Ɗakin ya fi zaure iska," na ce. "Zaure taga ɗaya gare shi, da ta ruɓe maka."

"Damina ta kusa. In ruwa ya sauka ina za ki kwana?"

"Kafin ruwa albasarka ta tafi Kwatano."

Ya tsaya yana murza gemu. "Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai," na ce, ina kallon amalanke.

Ya juya ya ce wa masu turawa su bi ta ƙofar gida, su yi hankali da randa.

Na jira har buhu na ƙarshe ya wuce. Na shiga tsakar gida, na cire rigar daga igiya, ta bushe. Na sa haƙori a bakin ɗinkin na tsarge ta gida biyu, na sake tsargewa. Na ɗauki ƙyalle ɗaya na shiga zaure. Wancan yana zaune a benci da sandarsa, tele a kashe. Ban dube shi ba. Na goge gilashin tele ta farko, na goge ta biyu, na bi bayan injin inda ƙura take taruwa. Na miƙa wa surukata sauran ƙyallayen na ce ta adana, za su daɗe ana amfani da su.

"A gaya wa wancan ya kunna," na ce. "A ga ko dokin ya fito."